Hasashen Kwamfuta da Hukuncin Sauro: Darasi Daga Malanville Ga Ɗaliban Hausa

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an samu yawaitar kundayen digiri da maƙalu a jami'o'in Afirka ta Yamma waɗanda ake gudanar da bincikensu kacokan a cikin kwamfuta. Ɗalibi zai ɗauko wani sinadari da ke cikin ganyen darbejiya ko zogale ko sabara, ya sauko da siffar wani furotin na ƙwayar cuta daga intanet, ya haɗa su a cikin manhaja, ita kuwa ta ba shi lamba da hoto mai launi. Daga nan sai a rubuta cewa ganyen yana maganin cutar. Idan labarin ya bar harabar jami'a ya shiga rediyo da WhatsApp da lasifikar mai tallar magani, da harshen Hausa yake shiga. Wannan ne ya sa batun ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye, domin shi ne tafintan gobe, shi ne mai karanta labarai, shi ne kuma mai fassara takardun kiwon lafiya.

Matsayin wannan rubutu shi ne, waɗannan manhajoji alheri ne babba ga masana a ƙasashe masu ƙarancin kayan aiki, kuma ya kamata a koyar da su. Sai dai abin da suke bayarwa hasashe ne, kuma wajibi ne Hausar da za ta ɗauki sakamakonsu ta riƙe alamar hasashen har zuwa kunnen mai sauraro. Garin Malanville da ke bakin iyakar Benin da Nijar yana da tarihin bincike da ke nuna dalilin haka a fili.

Abin da Manhajar Take Yi

Kusan duk wani aiki da ke gudana a jikin mutum ko sauro ko ƙwayar cuta, furotin ne ke yin sa. Furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, wadda takan naɗe kanta ta zama dunƙule mai lunguna da koguna. Yawancin magunguna kuwa ƙananan ƙwayoyin sinadari ne waɗanda ke shiga ɗaya daga cikin waɗannan koguna su zauna, su hana furotin aikinsa ko su sauya masa shi. A shekarar 1894 masanin kimiyya Bajamushe, Emil Fischer, ya kwatanta lamarin da kwaɗo da mabuɗinsa. A 1958 Daniel Koshland na Amurka ya gyara kwatancen, ya nuna cewa kogon kan sauya siffa idan sinadari ya shige shi. Bahaushe zai fi gane wannan da takalmin fata, wanda kan bi ƙafar mai shi bayan an sa.

Domin a yi nazarin wannan haɗuwa, dole a san siffar furotin. An kafa rumbun adana siffofin furotin na duniya, wato PDB, a shekarar 1971 da siffofi 7 kacal. Yau akwai sama da 200,000 a cikinsa, kuma kowa na iya saukewa kyauta. A kan wannan rumbu aka gina manhajoji iri biyu. Iri na farko su ne masu gwada zama: sukan jujjuya sinadari a cikin kogon sau dubbai, su zaɓi zaman da ya fi dacewa, su ba shi maki. DOCK ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ta fito a 1982, AutoDock Vina ta Cibiyar Scripps kuma a 2010. Iri na biyu su ne masu karanta zama: idan aka ba su furotin da sinadari a haɗe, sai su auna tazara da kusurwa tsakanin ƙwayoyin zarra, su lissafo hannayen da suka riƙe juna, kamar riƙon haidurojin da jan da ke tsakanin caji mabambanta da haɗuwar sassan da ke gudun ruwa. Fitacciya a nan ita ce PLIP, wadda masana a Jami'ar Fasaha ta Dresden a Jamus suka fitar a 2015. A 2021 aka faɗaɗa ta domin ta karanta yadda sinadarai ke kama DNA da RNA, wato sinadaran da ke ɗauke da saƙon gado. Bayan waɗannan sai AlphaFold, mai hasashen siffar furotin, wadda ta sa Demis Hassabis da John Jumper suka samu rabo a kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024.

Batun DNA ba nesa yake da rayuwar mutanen karkara ba. Makiyayi da ya taɓa sayen Berenil domin saniyar da sammore ya kama, ya yi amfani da maganin da ke kwanciya a cikin siririn kwarin da ke zagaye igiyar DNA ta ƙwayar cutar da tsando ke ɗauka. Haka kuma magunguna irin su jentamaisin da tetirasaikilin RNA ta ƙwayoyin bakteriya suke kamawa, a inda ake ƙera furotin.

Bukkokin Gwaji na Malanville

Malanville tana lardin Alibori a ƙarshen arewacin Benin, a gaɓar Kogin Kwara, tana fuskantar Gaya ta Nijar, gada ce tsakaninsu. Kasuwarta tana cikin manyan kasuwannin ƙasar, inda Dendawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani ke hada-hadar albasa da hatsi da dabbobi. A kewayen garin akwai fadamun shinkafa na noman rani, kuma inda ruwa ya kwanta sauro ba ya rasa wurin hayayyafa. Saboda haka ne Cibiyar Binciken Ƙwari ta Kwatano ta mayar da garin ɗaya daga cikin wuraren gwajinta. Bukkokin gwaji ƙananan ɗakuna ne da aka gina ta yadda sauro zai iya shiga ta tsagar taga amma fita ta yi masa wuya. Mutum kan kwana a ciki, da safe a tattara sauron, a ƙidaya matattu da rayayyu, da waɗanda suka sha jini da waɗanda ba su sha ba.

A shekarar 2007 Raphael N'Guessan da Vincent Corbel da Martin Akogbéto da Mark Rowland suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a wurare biyu: Malanville da kuma Ladji, wata unguwa a Kwatano. Sun yi amfani da gidan sauro mai magani iri ɗaya, daga dangin sinadaran fairitiroyid, kuma sun huhhuda gidajen da gangan domin su yi kama da waɗanda suka tsufa a hannun jama'a. A Malanville kashi 98 cikin 100 na sauron da ya shiga bukka ya mutu, kuma maganin ya hana cizo da kashi 96 cikin 100. A Ladji kuwa kashi 30 kawai ya mutu, kuma gidan sauron da ya huje bai hana shan jini ba. Magani ɗaya, ƙasa ɗaya, sakamako biyu.

Ruwa ba ya tsami banza. Fairitiroyid yana kama wani furotin da ke jikin jijiyar sauro, wanda aikinsa buɗe ƙofa da rufe ta ga gishirin sodiyam. Idan maganin ya zauna a kansa sai ƙofar ta ƙi rufuwa, jijiya ta rikice, sauro ya faɗi. Wannan furotin yana da amino asid kimanin 2,000. A sauron Ladji guda ɗaya daga cikinsu, mai lamba 1014, ya sauya daga lusin zuwa fenilalanin, sauyin da aka fara ganowa a sauron Afirka ta Yamma a 1998. A lokacin gwajin, sauron Malanville bai ɗauki wannan gado sosai ba. Tun daga nan bijirewar sauro ga wannan dangin magani ta bazu a yankin, har da arewacin Benin da kudancin Nijar da arewacin Nijeriya.

Inda Kwamfuta Ta Taimaka

Bukka ta nuna cewa magani ya daina aiki, amma ba ta iya nuna yadda abin ya faru a cikin jijiya. A nan ne manhaja take da amfani wanda babu mai musun sa. A 2006 wasu masana a Ingila suka gina siffar wannan furotin na ƙudan gida a kwamfuta, suka gwada zaman fairitiroyid da DDT a kansa, suka gano wani kogo da ya bayyana dalilin bijirewa da dama da aka sani. Abin lura shi ne, amino asid mai lamba 1014 bai faɗa cikin wannan kogo ba. Sai a 2013 wata tawaga a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka ta haɗa hasashen kwamfuta da gwaji na zahiri, inda aka dasa furotin ɗin sauro a ƙwan kwaɗo aka auna wutar da ke ratsa shi, ta kawo hujjar cewa akwai kogo na biyu, kuma a nan ne 1014 yake. Hasashen farko ya haska hanya, gwaji ya cike gurbin da ya bari.

Misali na biyu ma daga Benin yake. A Pahou da ke kudancin ƙasar akwai wani nau'in sauro mai matuƙar jure DDT. A 2014 masana ƙarƙashin Charles Wondji na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool suka nuna cewa sauyin amino asid ɗaya, mai lamba 119, a wani furotin mai narkar da guba, ya faɗaɗa kogon da DDT ke shiga, sai narkarwar ta ƙara sauri. Sun fitar da ainihin siffar furotin ɗin a ɗakin bincike, sun gwada shi da maganin, sannan suka yi amfani da kwamfuta wajen bayyana abin da suka gani. Irin wannan tafarki ne Sulaiman Sadi Ibrahim na Jami'ar Bayero ta Kano ya bi a bincikensa kan furotin ɗin da sauro ke amfani da su wajen narkar da maganin gidan sauro. A duk waɗannan ayyuka hoton kwamfuta bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba.

Iyakar Hasashe

Manhajar gwada zama kamar dillali take a kasuwar shanu. Yana da ido, yana rage wa mai saye wahalar zagaye, yana ware biyar daga cikin ɗari. Amma mai hankali ba ya biyan kuɗi sai ya duba haƙori da kofato da kansa.

Akwai dalilai na ilimi da suka sa haka. Na farko, makin da manhaja ke bayarwa ƙiyasi ne. Waɗanda suka ƙera AutoDock Vina sun bayyana cewa kuskurenta na yau da kullum ya kai kusan 2.85 a ma'aunin da take amfani da shi, alhali bambancin 1.4 kawai a wannan ma'auni yana nufin ninki 10 a ƙarfin kamu. Ke nan sinadarai biyu na iya samun maki iri ɗaya alhali ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi ninki 100. Wanda ya yi shelar cewa sinadarin ganye ya fi maganin asibiti don ya zarce shi da ɗigo biyar, bai fahimci ma'aunin da yake riƙe da shi ba.

Na biyu, yawancin lokaci manhajar tana ɗaukar furotin a sandare, alhali a jiki motsi yake yi a cikin ruwa. Na uku, manhaja mai karanta zama irin PLIP ba ta tantance gaskiyar abin da aka ba ta. Idan aka ba ta siffar da aka gano ta gwaji, za ta zana hannayen riƙo. Idan aka ba ta zaman ƙarya, shi ma za ta zana masa hannaye da launi iri ɗaya, da kyau iri ɗaya. Kama da wane kuwa ba ta wane. Na huɗu, ko da kamun gaskiya ne, manhajar ba ta ce komai ba game da ko sinadarin zai tsira daga ciki da hanta, ko zai isa inda cutar take, ko zai lalata ƙoda kafin ya taɓa ƙwayar cutar.

Akwai ma magungunan da ba su bin tsarin kwaɗo da mabuɗi. Sinadarin kulofenafir, wanda aka sa a sababbin gidajen sauro, sai jikin sauron ya sarrafa shi tukuna yake zama guba, sannan ya tsiyayar da ƙarfin da ƙwayoyin jikinsa ke samarwa. An tabbatar da amfaninsa ta gwaji a garuruwan Cové da Zagnanado da Ouinhi na lardin Zou, inda zazzaɓin cizon sauro a tsakanin yara ya ragu da kashi 46 cikin 100 idan aka kwatanta da tsohon gidan sauro. An wallafa sakamakon a 2023, kuma a shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da irin wannan gida a inda sauro ya bijire. Lafiyar yara aka auna kafin a yanke hukunci.

Nauyin da Ke Kan Ɗalibin Hausa

Matsala ta farko ta kalmomi ce. Kalmar "ƙwaya" tana ɗauke da kaya fiye da ƙarfinta: ƙwayar hatsi, ƙwayar magani, ƙwayar cuta, ƙwayar ido, har da ƙwayar da matasa ke sha su bugu. "Ƙwayar halitta" kuwa a kafafen yaɗa labarai takan tsaya wa abubuwa uku ko huɗu mabambanta. Mai fassara nagari zai rarrabe: ƙwayar zarra ga mafi ƙanƙantar ɓangare, ƙwayar sinadari ga zarra da yawa a haɗe, ƙwayar jiki ga tubalin da aka gina mai rai da shi, ƙwayar gado ga yankin DNA mai ɗauke da umarni guda. Haka ma aikatau. "Kama" da "manne" da "maƙale" da "ɗaure" ba ɗaya ba ne. Yawancin magunguna kamawa suke yi su saki, su sake kamawa, don haka "kama" ta fi dacewa da su. "Ɗaure" ta cancanci 'yan kaɗan da ke ƙulla haɗin da ba ya kwancewa, irin su asfirin da fenisilin. Aikin da aka faro a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Dalhatu Muhammad ya tace a 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, yana buƙatar a miƙa shi zuwa wannan fanni.

Matsala ta biyu ta fi ta farko haɗari, wato matakan tabbaci. Kalmar "magani" a Hausa tana da faɗi, kuma jimlar "yana maganin kaza" hukunci ce gamamme da ba ta bar ƙofar shakka ba. Alhali harshen yana da kayan aikin da ake buƙata: "wai", "ƙila", "mai yiwuwa", "ana kyautata zaton", "an gwada an gani". Nahawu ma ya bambanta "ya kashe" da "yana iya kashewa". Abin da ake nema shi ne tsani mai matakai huɗu wanda kowane mai fassara zai riƙe:

Kwamfuta ta yi hasashen cewa sinadarin yana iya kama furotin ɗin.

An gwada a ɗakin bincike, an ga ya kama shi ko ya kashe ƙwayar cutar a cikin kwalba.

An gwada a jikin dabba, ko a bukkar gwaji idan maganin sauro ne, an ga ya yi aiki.

An gwada a kan mutane masu yawa bisa ƙa'ida, an tabbatar da amfaninsa da iyakar illarsa.

Duk fassarar da ta ɗauki magana daga matakin farko ta ajiye ta a na huɗu ta yi ƙarya, ko da kowace kalma a cikinta Hausa ce tsantsa. A gari irin Malanville haɗarin ya ninka, domin bincike kan fito da Ingilishi, ya bi ta Faransanci, sannan ya sauka a Hausa ko Dendi, kuma a kowace gada ana iya yar da kalmar shakka. Wadda za ta biya kuɗin wannan sakaci ita ce uwar da ta ji an ce ilimin zamani ya tabbatar da wani jiƙo, ta jinkirta kai ɗanta asibiti kwana biyu, alhali zazzaɓin cizon sauro yana iya kashe ƙaramin yaro a cikin wannan tazara.

Amsa Ga Masu Ja

Wasu malamai za su ce jami'o'in yankin ba su da kuɗin manyan na'urori, kwamfuta ita ce abin da hannu ya kai, kuma da babu gara ba daɗi. Akwai gaskiya a nan. Manhaja kyauta ta buɗe wa ɗalibi a Parakou ko Sakkwato ko Maraɗi ƙofar da a da sai wanda ya je Turai yake shiga. Amma ƙarancin kayan aiki uzuri ne na tsayawa a matakin farko, bai zama lasisin kiran matakin farko da sunan na ƙarshe ba. Bugu da ƙari, ba kowane gwaji ne mai tsada ba. Gwajin bututu na Hukumar Lafiya ta Duniya yana buƙatar macen sauro kimanin 25 a kowane bututu, da takarda mai magani, da awa ɗaya ta haɗuwa, sannan a ƙidaya matattu bayan awa 24. Idan mutuwa ta kai kashi 98 maganin yana aiki, idan ta gaza 90 an tabbatar da bijirewa.

Wasu kuma za su ga kamar wannan magana raini ce ga maganin gargajiya. Tarihi bai goyi bayan wannan zargi ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro mafi ƙarfi a yau ya samo asali ne daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka tace sinadarinsa a 1972, ta kuma samu kyautar Nobel a 2015. Abin da ya ɗaukaka wannan ganye shi ne ya hau tsanin gwaji har ƙarshe. Girmama ilimin kaka da kakanni shi ne a kai shi ga irin wannan gwaji, maimakon a lulluɓe shi da hoton kwamfuta a kai kasuwa.

Kammalawa

Ya kamata sassan Hausa da na kimiyyar sinadaran jiki a jami'o'i su zauna tare su fitar da jerin keɓaɓɓun kalmomi na wannan fanni, a kuma sa fassarar rahoton kimiyya cikin darussan fassara. Ya kamata masu duba kundaye su hana kalmar "ya tabbatar" shiga binciken da bai fita daga kwamfuta ba. Gidajen rediyo kuma su mayar da ita ƙa'ida cewa duk labarin sabon magani sai an faɗi matakin da ya kai. Ɗalibin Hausa da aka miƙa wa irin wannan rahoto ya fassara yana da tambaya ɗaya da zai yi kafin ya ɗora alƙalami: a ina aka gwada, a kwamfuta ko a kwalba ko a bukka ko a jikin mutane? Amsar ita ce za ta zaɓar masa aikatau. Hausawa sun riga sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.